Waɗanda Kati Bai Ƙirga Ba

Da Kamila ta iya riƙe bakinta, da tuni an ba ta shugabancin mata masu banda a kasuwar kifi ta Haɗejiya. Amma ina. Ko tarwaɗa ce ta harare ta daga cikin kwando sai ta mayar mata da magana. Masu saye suna zuwa wurinta ne don kifinta bai da ƙwari, suna kuma tafiya da tsiya kyauta a kan kifin.

A bakin wata mai saye ta ji labarin likitan. Wai akwai wani Dokta Zarami da ke zuwa daga Kano Alhamis ta farko a kowane wata, yana zama a wani asibiti a cikin gari, kuma ba ya duba komai sai ciki mai haɗari: mai hawan jini, mai ciwon suga, mai tagwayen da suka kwanta ba daidai ba, da wadda 'ya'ya ba sa tsaya mata. Wai shi marasa lafiya biyu yake dubawa a jiki ɗaya, uwa da wanda ke cikinta. Kamila ta bar matar tana taya kifi ita kaɗai, ta koma gefe ta kira ƙauye.

Yayarta Bara'atu ke aure can bayan Guri, irin ƙauyen da in Satumba ta kama sai dai kwale-kwale, shi ma sai an yi kokawa da ciyawar kachala kafin a fito bakin hanya. Cikinta wata bakwai. Wanda ya gabace shi a wata na takwas ya lalace. Lissafin bai buƙatar boko: in Alhamis ɗin nan ta wuce, ta gaba tana iya zuwa ta tarar ba abin dubawa.

Sati biyu Kamila na waya. Ta yi lallashi, ta yi gori, ta yi fushi ta kashe, ta sake kira. Ranar Laraba da la'asar sai ga Bara'atu ta sauka daga mota, zani a jiƙe har gwiwa, tare da uwar mijinta, Iya 'Yar'azumi, wata 'yar tsohuwa da ba ta cika magana ba sai goro.

Da safe suka tarar da rumfar asibitin ta cika. Mata sun fi ɗari, wasu a benci, wasu a tabarma, kowace ta turo nata gaba kamar ana gasa. Likita ɗaya ne, awa shida gare shi, mutum ashirin da biyar yake iya gani. Mai zaɓen kuwa Sista Shamsiyya ce, wata doguwa mai tabarau a ƙarshen hanci. Ta karɓe katunan awo duka, ta zauna tana buɗewa tana rabawa gida biyu, kamar mai tsince shinkafa.

"Bara'atu Isa," ta kira. "Ga katinki. Ki zo awon kullum ranar Litinin."

Kamila ce ta miƙe, ba mai sunan ba.

"Sista, ina jin hannunki ya kuskure. Wancan tulin ne namu."

"Ke ce mai cikin?"

"Ni ko rana ba a sa min ba. Yayata ce."

"To yayarki lafiyarta lau." Sista ta buɗe katin ta sa yatsa. "Ciki na biyu. Haihuwa ɗaya, yana raye. Jini bai hau ba, ƙafa ba kumburi. Me za ta shiga ta gaya wa Dokta? Ina kwana?"

Kamila ta karɓi katin ta karanta da idonta. Ciki na biyu. Ta ɗago ta dubi yayarta. Bara'atu kuwa ta sami wani abu mai muhimmanci a babban yatsan ƙafarta tana ta kallo.

Ciki na shida ne. Yadda shida ta koma biyu kuwa, babu wanda ya yi ƙarya a ciki, abin haushin ke nan. Ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauyensu ya tambaye ta, a gaban layi, surukarta na tsaye a kanta: "'Ya'yanki nawa?" To ɗan fari dai ba a ambatonsa. Tun yaye yana wurin mahaifiyarsu, shekararsa tara, kuma har yau Bara'atu ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron can". Wannan ya fita. Uku sun zo sun koma ba su kai ranar suna ba, wanda bai kai suna ba kuwa a wurinsu baƙo ne ya leƙo ya juya, ba a sa shi a lissafi. Su ma sun fita. Saura ɗaya. Ta ce ɗaya, ya rubuta ɗaya, ya ce ta gaba. Tsofaffin katunan kuwa, duk cikin da ya ƙare da kuka, katinsa murhu yake shiga.

Kamila ta durƙusa a gabanta, ta rage murya iya yadda Allah ya hore mata.

"Yaya, tashi ki faɗa mata."

"Auta, mu tafi."

"Mu tafi ina? Kin ratso ruwa da ciki wata bakwai don ki zo ki ga fentin asibiti?"

"An ce Litinin," in ji Iya 'Yar'azumi, tana gyara ƙullin goronta. "Sai mu jira Litinin ɗin."

"Iya, Litinin likitan yana Kano yana shan shayinsa."

Ta koma teburin, ta sunkuya kusa da kunnen Sista. "Don Allah ki saurare ni. Katin nan ba daidai ba ne."

"Kowa a rumfar nan katinsa ba daidai ba ne tun da aka ji ashirin da biyar," in ji Sista, ba ta ko ɗago ba. "Ɗazu wata ta rantse min tagwaye ne, na taɓa na ji tuwon dare. Ni kati nake karantawa, ba fuska ba. In akwai gyara, mai cikin ta zo ta faɗa da bakinta."

"Ba za ta iya ba."

"Kurma ce?"

"Kunya ce."

"To kunyar ta dawo Litinin."

A gaskiya Sista ba muguwa ba ce, tun asuba take tsaye kuma ko ruwa ba ta sha ba. Amma Kamila ba ta zo yi mata adalci ba. Tana nan tsaye, sai ga wata Hajiya ta shigo, turarenta ya riga ta isowa, da 'yar takarda a hannu wadda wani babba ya sa wa hannu. Ko zama ba ta yi ba. Tana gaya wa wata ƙawarta da ta rako ta, ba a ɓoye ba, ita dai so take a haska mata ta san mace ce ko namiji, don kar ta yi sayayyar banza. Sista ta karanta takardar, ta taɓe baki, ta ɗora katin Hajiya a saman tulin masu shiga.

Nan igiyar ta tsinke.

Kamila tana da wata murya da take ajiyewa don ranar kasuwa, wadda take kiran mai saye da ita daga rumfar masu gishiri. Ita ta ciro.

"To tunda sai an faɗa, bari a faɗa kowa ya ji. Sista, ɗauki bironki. Na fari namiji, yana raye, sunansa Adam, yana wurin Innarmu. Ɗaya ke nan. Ta biyu mace, tana raye, ita ce kuka rubuta. Na uku ya yi kwana biyar, ya yi rawaya, ya koma. Na huɗu kwana biyu, shi ma rawaya. Na biyar bai ko yi kuka ba, a kumbure ya fito wata takwas. Wannan na shida ne. In wannan ba ciki mai haɗari ba ne, to ki nuna min mai haɗarin in je in gaishe ta."

Rumfar duka ta juyo tana kallonsu. Bara'atu ta ja hijabi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Wata dattijuwa a tabarma ta tafa hannu a hankali.

"Wannan 'ya ba ta da ta-ido. Ana ƙirga wa mutum 'ya'ya a bainar jama'a?"

"Gwaggo, ai don ba a ƙirgawa ne suke ta tafiya ba wanda ya tambayi hanya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ke, fita min daga nan," in ji Sista, amma hannunta ya riga ya koma kan katin Bara'atu.

Ƙofar ɗakin duba ta buɗe. Wani ɗan guntun mutum ya leƙo, furfura a gemu, farar rigar ta yi masa yawa kamar ta aro. In a kasuwa ne Kamila sai ta ɗauka mai sayar da turaren wuta ne.

"Wace ce ta ce rawaya?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Sau biyu?"

"Sau biyu, na ƙarshen kuma a kumbure."

"Sista, shigo min da su yanzu." Ya dubi takardar Hajiya da ke saman tulin, ya ɗauke katin ya mayar ƙasa. "Hajiya, in lokaci ya rage."

A ciki akwai gado, da wata na'ura mai allo da ya zo da ita a akwati. Kamila ta buɗe baki za ta ɗora daga inda ta tsaya, ya ɗaga mata hannu.

"Ke kin gama naki aikin, lasifika. Zauna can."

Ya ja kujera ya zauna ƙasa da gadon, ya juya gefe, bai kalli Bara'atu a ido ba.

"Malama, ba 'ya'yanki nake tambaya ba. Sau nawa kika ɗauki ciki?"

Bara'atu ta sunkuyar da kai. Hijabin kawai ke motsi.

Bai matsa ba. Ya juya ga tsohuwar. "Iya, wa ya karɓi haihuwar?"

Iya 'Yar'azumi ta daɗe tana juya goro a bakinta. Kamila ta riga ta shirya jin "Allah ne ya ba da, Allah ne ya karɓa". Sai tsohuwar ta ciro goron ta riƙe a hannu.

"Ni na karɓa, ni na wanke su. Ta biyun ma ta yi rawaya, kaɗan, muka riƙa fito da ita hantsi, ta washe. Na ukun tun daren farko idonsa kamar an shafa gangamau. Rana ta uku ya daina kama nono. Ya riƙa banƙarewa, yana wani kuka siriri. Na huɗun da rawayarsa ya fito. Shi har juji muka kai shi muka ajiye muka sake ɗaukowa, wai ko ya ga ba a damu da shi ba ya zauna." Ta tsaya. "Na biyar ɗin, cikinsa kamar tulu. Mabiyiyar ma ta fi ƙarfin ƙwarya. Ban taɓa ganin irinta ba."

Kamila ta saki baki. Shekara da shekaru tana ɗauka tsohuwar nan ba ta san komai ba sai goro da carbi, ashe kwana-kwana take riƙe da su.

"Wani ya taɓa tambayarki wannan?" in ji Dokta Zarami.

"Wa zai tambaye ni, ɗan nan?"

Ya sa aka ɗebi jinin Bara'atu aka kai ɗakin gwaji, ya ce a yi masa da gaggawa. Kafin a dawo ya shafa mata wani abu mai sanyi a ciki, ya ɗora kan na'urar yana zagayawa. Ya daɗe a wuri ɗaya. Wani sauti ya cika ɗakin, fuu-fuu-fuu, da sauri.

"Zuciyarsa ce?" in ji Kamila.

"Na ce ki zauna. A'a, wata jijiya ce a kansa, gudun jinin nake aunawa. Kin san kunu in ya yi kauri a hankali yake zuba, in ya tsinke sai ya yi ta gudu. Nasa ya fara gudu."

Da sakamakon ya zo ya duba sau ɗaya, ya ajiye. Bai yi mamaki ba.

"Malama Bara'atu, ki saurare ni da kyau. Jininki irin wanda muke ce wa negetif ne, ba kowa ke da shi ba, kuma ba ciwo ba ne. Alamu sun nuna na maigidanki ba irinsa ba ne, 'ya'yan kuma nasa suke ɗaukowa. A cikin farko jikinki bai lura ba. Wajen haihuwa jinin yaron ya ɗan shiga naki, jikinki ya ɗauke shi baƙo, ya haɗa masa dakaru. Tun daga nan duk wanda ya zo, su yake tararwa, suna cinye masa jini tun yana ciki. Shi ne rawayar, shi ne kumburin. Kowane ciki kuma sun fi na baya shiri."

"Ba wabi ba ne?" Iya ta tambaya a hankali.

"Ba wabi ba ne, Iya. Ba iska ba ce, ba baki ba ne, ba nononta ba ne."

"To ba magani?" in ji Kamila.

"Akwai allura. Da an gwada jininta a cikin farko, an yi mata cikin kwana uku da haihuwa, aka kuma maimaita a kowane ciki, da wuya a kai nan."

"To a yi mata yanzu."

"Yanzu ba za ta yi aiki ba. Kafin dakarun su haɗu ake yin ta."

Kamila ta miƙe tsaye, kuma wannan karon bai ce ta zauna ba.

"Allura. Ranka ya daɗe, allura ka ce? Shekara bakwai ana nuna ta da baki a gidan biki. An hana ta ɗaukar jariran mutane. Ta sha rubutu har haƙoranta sun dafe, an yi mata turare, an ce nononta ne mai guba, ta yarda. Awo kuwa ba wanda ta tsallake, a kwale-kwale take zuwa. Su ɗaura mata abu a hannu, su ɗora ta a sikeli kamar buhun barkono, su ba ta jar ƙwaya su ce ta gaba. Duk cikinsu ba wanda ya iya ɗiga jininta a kan gilashi? Ba wanda ya iya cewa, baiwar Allah, ina na bara?"

"Ba abin da kika faɗa da ban faɗa a taro ba," in ji shi. "Amma akwai mata ashirin da huɗu a waje, kuma wannan yaron da ransa. Ki bar ni in yi maganarsa."

Ta zauna.

Ya ce yaron jininsa ya fara ƙasa amma bai kumbura ba, kuma wannan shi ne abin da ya sa yau ta fi wata mai zuwa. Ya ce Bara'atu ba za ta koma ƙauye ba, ko don ɗauko kaya. Litinin ta same shi a asibitin da yake aiki a Kano, a ƙara gwaje-gwaje, a riƙa auna gudun jinin nan a kai a kai. In ya kai wani mataki za su ciro shi kafin lokacinsa, da jini a ajiye da likitocin jarirai a tsaye, don in ya kama a canza masa jini a canza a ranar.

"Zai tsaya?" Muryar Bara'atu ce, karon farko a ɗakin, daga cikin hijabi.

"Ba zan yi miki alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Amma shi ne na farko da za a jira da shiri."

Iya 'Yar'azumi ta kwance bakin zaninta, ta ciro wata 'yar waya da aka ɗaure da roba, ta miƙa wa Kamila. "Nemo min Isa." Da ya ɗauka ta kara a kunne. "Isa, ba shawara na kira ka ba. Matarka Kano za ta, ni ma haka. Ka bar wa ƙaninka gonar shinkafar, ka fito gobe, kai ma jininka za su gani." Ta miƙa wayar ba ta jira amsa ba.

Suka fito ta tsakiyar rumfar, ido ɗari a kansu. Bara'atu na gaba, da sabuwar takardar a hannu, tana tafiya kamar ba ta san mai bin ta a baya ba. Sai da suka kai gindin wata bishiyar maina a bakin ƙofa, Iya ta wuce neman mai adaidaita, sannan ta tsaya. Ba ta juyo ba.

"Kin tsiraita ni a gaban mata ɗari."

"Na yi."

"Kin kira sunan yaron can a gaban uwar mijina."

"Na kira. Sunansa ne, Yaya, da rago aka raɗa masa."

"Ba zan manta miki ba, Auta."

"Kar ki manta. Ki riƙe shi da kyau, in kin sauka lafiya ki zo ki rama, ina rumfata."

Bara'atu ta shiga murza gefen takardar. Kamila ta ɗauka an gama, har ta fara leƙen Iya. Sai ta ji ta ce, ƙasa-ƙasa:

"Kuma ba ki iya ƙirga ba."

"Kamar yaya?"

"Akwai wani tsakanin na huɗu da na biyar. Wata biyar. Shekarar da ruwa ya ci gari muka koma makaranta da zama. Iya tana Jahun wurin 'yarta. Ni kaɗai na san inda na sa shi."

Kamila ta dube ta. Ta miƙa hannu ta zare takardar daga hannun yayarta, ta duba inda likita ya rubuta shida.

"Ina za ki kuma?"

"Gyara."

"Auta, don girman Allah, ba a rumfa ba."

"A kunnensa zan faɗa. Amma ke za ki tsaya kusa da ni ki ce haka ne."

Bara'atu ta dubi ƙofar, ta dubi hanyar da Iya ta bi. Sannan ta gyara hijabinta, ta dafa ƙugu, ta biyo ta.

Sista Shamsiyya na hango su ta sauke tabarau.

"Ke kuma?"

"Mu ne dai, Sista. Minti ɗaya. Wannan karon mai cikin ce da magana."